Yadda ake haɗa kogon roba a rataya wa baƙin aku na Carnaby

Wannan bayani na yi shi ne don wanda yake zaune a kudu maso yammacin Ostireliya, ko yana da gona, ko yana aiki a gonar wani, ko kuma ya shiga cikin 'yan sa kai masu kula da daji, yana so ya taimaki baƙin akun nan da ake ce wa Carnaby. Ƙaton tsuntsu ne baƙi, tsawonsa ya haura santimita 50, yana da farin tabo a kumatu da fararen gashi a wutsiya, mutanen Noongar da suke asalin 'yan ƙasar wurin suna kiransa ngoolark. Duk duniya babu inda ake samunsa sai wannan yankin, kuma tuni gwamnati ta saka shi cikin tsuntsayen da ake tsoron su ƙare.

Abin da kake buƙatar sani kafin ka taɓa zarto kaɗan ne. Tsuntsun nan ba ya saƙa sheƙa, kogo yake nema a cikin tsohuwar bishiya ya yi ƙwai a ciki, galibi wandoo ko salmon gum, dukkansu dangin bishiyar turaren nan ne da muka sani a gida, ai ita ma daga can aka kawo mana ita. Kafin bishiya ta yi kogon da zai ɗauki tsuntsu mai wannan girman sai ta haura shekara 100, sau da yawa ma ta kai 150 ko fiye, sai gara da ruɓa sun cinye cikinta sannan reshe ko kai ya karye ƙofa ta buɗe. To yankin da suke haihuwa, wato Wheatbelt inda ake noman alkama, an share kusan kashi 90 cikin 100 na dajinsa, sauran tsofaffin bishiyoyin kuma gobara da iska suna ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ga ƙudan zuma da wasu tsuntsaye suna ƙwace 'yan kogunan da suka rage. Macen ƙwai ɗaya ko biyu take yi a shekara kuma yawanci ɗa ɗaya ne yake tashi, shi ma sai ya kai kusan shekara huɗu kafin ya fara haihuwa. Kaga duk shekarar da ma'aurata suka rasa kogo asara ce babba.

Kuma abin yana aiki, an gwada. A Coomallo Creek da ke arewa da birnin Perth, inda masanin tsuntsaye Denis Saunders ya fara bin waɗannan tsuntsaye tun 1969, an rataya koguna na roba bayan gobara ta cinye wasu na asali, shi da abokan aikinsa Rick Dawson da Peter Mawson suka bi su shekara da shekaru suna auna 'ya'yan, aka ga tsuntsayen sun karɓe su hannu bibbiyu kuma 'ya'yan da suka tashi a ciki lafiyarsu ba ta gaza ta na kogon bishiya ba.

Kayan da zaka tanada

Bututun roba mai kauri, baƙin nan irin wanda kamfanonin haƙar ma'adinai suke jan ruwa da shi, faɗin cikinsa kada ya gaza santimita 37 da rabi, in ka samu mai 40 ya fi, tsawonsa mita 1 da santimita 20. Tsoho ma ya yi, matuƙar ba a ja guba ko mai da shi ba.

Faifan da za a toshe gindi da shi: farantin ƙarfe mai kauri wanda ba ya tsatsa, ko roba mai kauri sosai, ko falankin katako mai ƙarfi. Banda katakon nan na matsattsiyar dusa da ake yin kabad da shi, ruwa ɗaya zai sha ya ruguje.

Ragar ƙarfe mai kauri ta walda, mai ido santimita 3 zuwa 5, wadda za ta zama tsani a ciki.

Guntun katako mai tauri guda ɗaya ko biyu, jarrah ko marri ko wandoo, su ma dangin bishiyar turare ne, kauri kamar santimita 7 da 5, wanda ba a taɓa yi masa feshin maganin gara ko fenti ba. Wannan na gwaguya ne, zan yi bayaninsa.

Sassaƙen itace mai tauri, busasshe, wanda zai cika santimita 20 na gindin bututun, kusan bokiti biyu kenan manya.

Sarƙa mai kauri wadda ba ta tsatsa, manyan sukurorin katako masu kan sifana, bol da noti da washa.

Kayan aiki kuma: injin huda da bakunansa, zarto, injin yankan ƙarfe, magagari, sifana, tef ɗin awo, igiya mai ƙarfi, hular kwano, safar hannu, tabarau na kare ido. Sai abin hawa sama, wanda ya fi shi ne motar nan mai kwandon ɗaga mutum, ko ƙwararren mai hawa bishiya da igiyarsa.

In duk wannan ya yi maka yawa ko baka da wurin aiki, ƙungiyar kula da ƙasa da daji ta Landcare SJ da ke garin Mundijong tana haɗa irinsa tana sayarwa da sunan Cockatube, ka saya kawai ka tsallaka zuwa mataki na 6. Amma mataki na 1 babu mai tsallake shi.

1. Ka fara tabbatar da wurin

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata kuɗinsu da ƙarfinsu. Mutum zai ga garken akun nan suna sauka a unguwarsu a Perth suna cin 'ya'yan banksia, wata itaciyar jejin yankin, ko na bishiyar fain, sai ya ce bari in rataya musu kogo a bayan gida, ya rataya, shekara ta zo ta wuce ko leƙawa ba su yi ba. Dalili kuwa inda suke kiwo daban inda suke haihuwa daban. Daga wajen watan Janairu zuwa Yuni suna gangarowa bakin teku neman abinci, idan damina ta kankama kuma, damina a can tsakiyar shekara take, sai su koma cikin ƙasa su yi ƙwai daga Yuli har zuwa ƙarshen shekara, kuma suna da naci, inda macen ta yi ƙwai bara nan take son komawa bana. Saboda haka kogon da zai samu mai shiga shi ne wanda aka rataya a inda aka san suna haihuwa yanzu, ko dab da wurin.

Ka tambayi hukumar DBCA mai kula da namun daji ta jihar Yammacin Ostireliya, ko ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife reshen jihar, suna da bayanan wuraren haihuwa kuma za su gaya maka gaskiya ko gonarka ta dace. Ka tambayi tsofaffin manoman yankin ma, su ne suka san bishiyar da tsuntsayen suke shiga tun suna yara.

Bayan haka ka duba abinci da ruwa. Yayin da macen take kwanci namijin ne yake fita ya ciwo ya dawo ya ba ta a baki, daga baya su biyun suke ciyar da ɗan, to idan kiwon ya yi nisa ɗan zai rame ko ya mutu a cikin kogon. Ana son a samu jeji mai banksia da hakea da grevillea, itatuwan da suke cin 'ya'yansu, cikin kilomita 6, in ya yi nisa kada ya wuce 12, da ruwan sha kusa, ko da kwamin shayar da tumaki ne. Wurin da babu abinci kada ka rataya, ka fara shuka musu abincin tukuna.

Izini kuma, idan gonar ba taka ba ce sai mai ita ya yarda, idan dajin gwamnati ne ko gefen titi sai hukuma ta yarda a rubuce.

Sannan kafin ka haɗa sabo ka zaga ka duba ko akwai tsohon kogon asali da ya lalace. Wani gefensa ne ya tsage ruwa da iska suna shiga, wani kuma ƙasansa ne ya zurma har tsuntsu ba ya iya kaiwa. Irin waɗannan ana lulluɓe tsagar da fallen ƙarfe a daddanne da sukuru, a zuba sassaƙe a ɗago ƙasan, ya koma aiki da kuɗi kaɗan. Ni a wurina gyaran irin wannan kogo yana gaba da rataya bututu, don tsuntsayen sun riga sun san shi.

2. Yanka bututu da gyara baki

Ka auna mita 1 da santimita 20 ka zana layi ya zagaye, ka yanka daidai kada ya karkace, musamman ɓangaren gindi inda faifai zai zauna. Ka bi bakin da magagari ka kashe duk wani kaifi da zaren roba. Ka wanke cikin da ruwa ka bar shi ya bushe.

Kada ka rage tsawon don ka samu guda biyu daga bututu ɗaya. Gajeren kogo rana tana kaiwa har kan ɗan tsakon, hankaka da shaho suna hango shi. Kada kuma ka yi amfani da siririn bututu don shi ka samu a araha, uwa da ɗa da wutsiyoyinsu dogaye ba za su iya juyawa ba, gashin ɗan ya kakkarye kafin ma ya tashi.

Saman a buɗe za ka bar shi, babu murfi, babu rumfa. Na san zuciya ba ta son haka, mutum yana ganin ai ruwan sama zai jiƙa su, amma kogunan asali da yawa da suke zaɓa haka suke a buɗe suna kallon sama, kuma buɗaɗɗen bakin shi ne yake hana ƙudan zuma zama, su wuri mai duhu mai ƙaramar ƙofa suke so. Galah da corella ma, wasu akun ne da suka yi yawa a yankin, ba su cika son mai buɗaɗɗen sama ba. Ka sa murfi ka huda ƙofa a gefe, to amya ka rataya, kafin wata biyu zuma ta tare.

3. Gindi da magudanar ruwa

Tunda ruwa zai shiga dole ya samu hanyar fita da sauri. Ka yanka faifan daidai da cikin bututun, ka huda masa ramuka da yawa a warwatse, ni ina yin masu faɗin milimita 8 zuwa 10, manyan da ba za su toshe da wuri ba amma sassaƙe ba zai zube ta ciki ba. Ka tura shi ciki kaɗan daga ƙarshen bututun, ka tallafe shi da ƙananan ƙarafa masu kusurwa da aka ɗaure da bol ta jikin bututun, aƙalla wuri huɗu. In ka ga dama ka ƙara sandar ƙarfe guda ta ratsa ƙarƙashinsa daga gefe zuwa gefe.

Ka tuna abin da gindin nan zai ɗauka, jiƙaƙƙen sassaƙe da uwa da ɗa, shekara da shekaru cikin rana da ruwa. Ranar da ya ɓalle ƙwai ko ɗan tsako ne zai faɗo ƙasa. Duk bol da zaka sa, kan mai santsi ya kasance a ciki, tsinin da noti a waje.

4. Tsani

Wannan shi ne rai da mutuwa a cikin aikin gaba ɗaya. Cikin bututu sulɓi ne da shi, farce ba ya kamawa, duk tsuntsun da ya shiga in babu tsani ba zai fito ba har ya mutu, ko na Carnaby ne ko wani daban. Su kuma da baya suke shiga kogo, wutsiya a ƙasa kai a sama, suna kama da baki da ƙafa suna sauka a hankali, shi ya sa tsanin ya zama mai ƙarfi wanda ba ya lilo.

Ka yanka ragar tsawon bututun gaba ɗaya, faɗinta kada ya gaza santimita 10, in ta fi haka sai ka ɗan lanƙwasa ta ta bi cikin bututun. Ta taso tun daga kan faifan gindi har bakin sama, ka lanƙwaso kanta ta hau kan bakin ta yadda tsuntsu yana sauka zai samu abin kamawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a tsayar da tsanin a daidai saman sassaƙe, a manta cewa sassaƙen yana ruɓewa yana zama ƙasa, bayan shekara biyu sai tazara ta buɗe ɗan tsako ya kasa kaiwa ga matakin farko. Ka kai shi har ƙasa sassaƙe ya binne ƙafarsa.

Ka ɗaure da bol da manyan washa sama da tsakiya da ƙasa, ka goge duk tsinin waya da ya rage bayan yanka. Kada ka bar rata tsakanin raga da bango wadda ƙafa ko fiffike zai iya maƙalewa. Wayar kaji da ragar roba da igiya duk ba su yi ba, bakin tsuntsun nan yana fasa 'ya'yan itace masu taurin gaske, waya siririya kwana kaɗan za ta yi masa. Hukumar DBCA ta kuma ja kunne a kan ƙarfen da aka shafe da zinki a wurin tsani saboda suna kama shi da baki, don haka in kana da hali ka sa sitenles. In raga ta gagara, sarƙa mai kauri da aka ɗaure ta sama da ƙasa ta miƙe tana iya tsayawa a madadinta.

5. Katakon gwaguya da shimfiɗa

A kogon asali macen tana gwaguyar bangon ciki, ɓarɓashin yana zubowa ya zama sabuwar shimfiɗa a ƙarƙashin ƙwai. A roba babu abin gwaguya, shi ya sa ake rataya mata katako a ciki. Ka tsayar da shi a jikin bango kusa da tsani, ya sauka har kusa da shimfiɗa, kansa kuma ya ɗan leƙo sama da bakin bututun ta yadda kana ƙasa zaka iya hango shi, don sabon tabon gwaguya a kansa shi ne alama ta farko cewa an fara zawarcin kogon. Ka ɗaure shi ta hanyar da cire shi ba zai yi wuya ba, ƙugiyar ƙarfe da ta rataya a baki ko bol biyu da ake kwancewa daga waje, domin zaka riƙa canza shi kana tsaye a sama da hannu ɗaya.

Dan Allah ka kula da irin katakon. Koren katakon nan da ake yin shinge da shi an dafa shi da guba, wasu falankan ɗaukar kaya ma an yi musu feshi. In baka san tarihin katako ba ka bar shi, ka nemi busasshen reshen wandoo ko marri mai kauri.

Shimfiɗa kuma sassaƙe manya-manya, zurfin santimita 20, ta yadda daga samanta zuwa baki zai rage kusan mita 1. Banda dusar katako, banda ciyawa, banda ƙasa, duk suna riƙe ruwa su zama caɓi ƙwai ya yi sanyi ya lalace. In sassaƙen bai isa ba ka haɗa da gawayi, yana tsane ruwa sosai. Kada ka zuba tun a ƙasa, ka bari sai an rataya, bututun kansa ma nauyinsa ya ishe ka.

6. Zaɓen bishiya

Rayayyar bishiya mai ƙarfi, mai miƙaƙƙen jiki, wadda ba ta da nata kogon da wani yake amfani da shi. Matacciya tana iya faɗuwa da kogon da abin da ke ciki, kuma ita gobara ta fi kamawa. Tsayi daga ƙasa kada ya gaza mita 4, a gonar da babu mai shiga wannan ya wadatar kuma zai sauƙaƙa maka dubawa, amma inda mutane suke wucewa ka ɗaga shi sosai.

Inuwa tana da muhimmanci ƙwarai, baƙar roba tana ɗaukar zafi kuma ƙarshen renon yana faɗawa cikin Nuwamba da Disamba lokacin da bazara ta shigo. Tsuntsayen nan zafi yana kashe su, a Janairun 2010 rana ɗaya mai tsananin zafi ta kashe fiye da 100 a wajen Hopetoun. Ka tuna kana kudancin duniya, rana ta arewa take bi, saboda haka gefen kudu ko kudu maso gabas na bishiyar ya fi samun inuwa, gefen arewa da yamma shi ne yake shan ranar la'asar. Ka je wurin da azahar da la'asar ka gani da idonka kafin ka yanke shawara. Amma kuma kada ganye ya rufe bakin ruf, suna son sarari su sauko, da wani reshe kusa inda namijin zai zauna yana gadi.

Ka nisanci babban titi, motoci suna kashe su da yawa idan sun sauka cin hatsin da ya zube ko shan ruwa a gefen kwalta. Sannan ga ɓarayi. Duk wanda ya san yadda ake kwashe 'ya'yan aku mai jar wutsiya daga kogunansu a dazukan Kamaru da Kwango a kai kasuwa ya san wannan bala'in, a can ma akwai masu satar ƙwai da 'ya'yan baƙin aku don kuɗi. Kada kogon ya zama ana hango shi daga hanya, kuma kada ka sa hotonsa a Facebook da sunan wurin.

In wurin ya dace amma babu bishiya mai ƙarfi, ana kafa dogon turken ƙarfe ko na katako kusa da bishiyoyi inda inuwa take faɗawa a rataya a jikinsa.

7. Ratayawa

Lokacin yi shi ne bayan an gama haihuwa kafin a fara wata, wajen Maris zuwa Mayu, zafi ya ragu tsuntsayen kuma ba sa nan. Duk yanke-yanken ƙarfe ka gama shi a gida, tartsatsi ɗaya a busasshiyar ciyawa ya isa, kuma ranar da hukuma ta hana kunna wuta gaba ɗaya saboda tsoron gobara ka zauna a gida. Ka wanke takalma da tayoyin mota kafin ka shiga jeji da bayan ka fito, akwai ciwon saiwa da ake ce wa dieback wanda yake bin laka yana kashe banksia, wato abincin tsuntsun da ka zo taimako.

Kada ka yi aikin nan kai kaɗai, kuma kada ka ɗauki bututun a kafaɗa ka hau tsani. Aƙalla mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da hular kwano, kuma na ƙasa kada ya tsaya daidai ƙarƙashin kaya. A jefa igiya kan reshe mai ƙarfi sama da inda za a ɗaure, a ja bututun a hankali har ya kai, a riƙe shi da igiyar har sai an gama ɗaurewa.

Tun a gida ka riga ka ɗaura sarƙa a bayan bututun da bol da manyan washa ciki da waje, ɗaya kusa da sama ɗaya kusa da ƙasa. A sama sai ka huda jikin bishiyar da ƙaramin baki, ka ɗaura sukurorin ta cikin idon sarƙar su shiga itace sosai su wuce ɓawo. Ta sama ita take ɗaukar nauyi, ta ƙasa tana hana lilo. Wuri ɗaya bai isa ba ko da ya yi kama da ya riƙe. Kada ka zagaye bishiyar da sarƙa ko waya ka matse, tana girma zai shaƙe ta, ka bar 'yan idanun sarƙa a sake don ka samu abin sassautawa nan gaba. Ya tsaya a miƙe ko ya ɗan jingina kaɗan, in ya jingina to tsanin ya kasance a ɓangaren da ya kwanta. Ka girgiza shi da ƙarfi, in ya motsa ka ƙara ɗaurewa, macen ba ta yarda da kogon da yake rawa.

Sai a miƙo sassaƙe a bokiti ka zuba ka baje, ka sa katakon gwaguya, ka rubuta lamba babba a ƙasan gindi wadda ake karantawa daga ƙasa, ka ɗauki wurin a GPS na wayarka da ranar da aka rataya.

8. Dubawa lokacin haihuwa

Daga Agusta ka fara zuwa da yamma, ka tsaya nesa da madubin hangen nesa ka yi shiru. Zaka gane namiji da baƙin baki da jan zobe a ido, macen kuma bakinta fari-fari ne kuma tabon kumatunta ya fi haske. In ka ga namijin ya dawo yana kira ta fito ya ba ta abinci sannan ta koma ciki ita kaɗai, to akwai ƙwai. Kwanci kusan kwana 29 ne, ɗan kuma yana yin sati 10 zuwa 11 a ciki kafin ya tashi.

Leƙa ciki ana yinsa ne da kyamara a kan doguwar sanda, in babu ka ɗaura waya a sandar masu fenti ka kunna bidiyo, amma sai lokacin da uwar ta fita, a yi da sauri a bar wurin, kuma ka fara neman shawarar DBCA don doka ta hana damun su. Hawa ka taɓa ƙwai ko ɗa kuwa aikin masu lasisi ne kawai. In ka tsinci wanda ya faɗo ko ya ji rauni, ka rufe shi da tawul ka sa a kwali mai iska ka kira layin Wildcare na agajin namun daji, likitocin gidan zu na Perth da cibiyar kula da baƙin aku ta Kaarakin su ne suke jinyarsu.

In shekara ta farko ba a shiga ba kada ka sauke, wani sai ya yi shekara biyu ko uku. In agwagwar daji ko wani tsuntsun ƙasar ya riga ya yi ƙwai a ciki ka ƙyale shi ya gama, su ma doka ta kare su, ka share bayan sun tashi.

9. Gyaran shekara-shekara

Wanda ba zai iya wannan ba gara kada ya rataya tun farko, da gaske nake. Kogon da aka manta da shi tarko ne, shimfiɗa ta zama ƙasa, ramukan ruwa sun toshe, tsani ya ɓalle, macen kuma za ta dawo ta yi ƙwai a ciki duk da haka don nan ta sani.

Kowace shekara kafin Yuni ka hau ka duba. Ka kwashe ruɓaɓɓen ƙwai da gawa da tarkacen da agwagi suka bari, ka sa safar hannu da takunkumi don ƙurar kashin aku tana sa ciwo. Ka tsokane ramukan gindi daga ƙasa da waya, ka ƙara sassaƙe ya dawo santimita 20, in ya zama laka ka kwashe duka ka sa sabo. Katakon gwaguya in an ci rabinsa ka canza. Ka ja tsani da hannu ka ji, ka bi bol ɗaya-ɗaya da sifana, ka duba ko sarƙa ta fara nutsewa cikin ɓawo. Kafin ka zura hannu ka leƙa da tocila, mesa tana son irin wannan wuri. Busasshen ganye da itacen da suka taru a gindin bishiyar ka janye su saboda gobara. In zuma ta kama wani kogon asali a kusa, ka kira mai lasisin cire ta.

In kana wani yanki ne da wani irin baƙin aku, kada ka ɗauki wannan awon ka yi aiki da shi kai tsaye. A tsibirin Kangaroo na Kudancin Ostireliya, inda irin da ake kira glossy ya ragu har zuwa tsuntsaye 158 a 1995, babban abokin gabarsu fosom ne, dabbar dare mai hawa bishiya tana cin ƙwai da 'ya'ya, saboda haka can bayan rataya musu kogon sai an naɗa wa gindin bishiyar kwanon rufi an kuma sassare rassan da suka taɓa na maƙwabta, da haka yawansu ya ninka kafin gobarar 2019 zuwa 2020. Baƙin aku irin na Baudin da baƙin aku mai jar wutsiya na dajin jarrah kuma ba su karɓi bututu kamar yadda na Carnaby ya karɓa ba, ka tambayi masu aikin yankinka tukuna.

Duk abin da ka gani ka rubuta, lambar kogo, rana, wa ya shiga, ƙwai nawa, ɗa ya tashi ko bai tashi ba, gyaran da aka yi, ka tura wa BirdLife ko DBCA ko da shekarar babu wanda ya shiga. In zaka bar gonar ko za a sayar da ita, ka miƙa wa wanda zai gaje ka littafin da taswirar kogunan hannu da hannu, in kuma ya ce ba zai iya kula da su ba ka sanar da ƙungiyar Landcare ta yankin su karɓa ko a sauke su kafin watan Yuli.